Shiru Ma Magana Ce: Tafiyar Ƙudurin Doka da Ikon Majalisa na Tsallake Shugaban Ƙasa a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ƙudurin doka a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, tun daga gabatar da shi har zuwa ranar da ya zama doka, sannan ta tsaya a kan abin da ke faruwa idan shugaban ƙasa ya hau kujerar naƙi. An dogara da sassa na 58 da 59 da 100 na kundin tsarin mulkin 1999, da hukunce-hukuncen kotuna, da takaddamar da aka yi tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa daga 2000 zuwa 2022, aka kuma kwatanta da tsarin Amurka, inda aka aro wannan salo. Maƙalar ta gano cewa ikon tsallake shugaban ƙasa yana nan a rubuce, amma abubuwa uku sun kassara shi: giɓin da kundi ya bari game da shirun shugaban ƙasa, da tsauraran sharuɗɗan da kotu ta gindaya a 2003, da riƙon da jam'iyya da gwamnoni suka yi wa 'yan majalisa. An rufe da shawarwari huɗu.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 2024, ƙudurin dawo da tsohon taken Nijeriya ya ratsa majalisun tarayya biyu, ya kuma sami sa hannun Shugaba Bola Ahmed Tinubu, duk a cikin mako guda. Ƙudurin gyaran harkar man fetur kuwa an fara kai shi majalisa ne a 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, bai zama doka ba sai a watan Agustan 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba masa hannu. Kundi ɗaya ne, matakai ɗaya ne, majalisa ɗaya ce, amma wani ƙuduri ya yi kwana bakwai a hanya, wani ya yi shekara goma sha uku.

Wannan bambanci shi ya haifar da tambayoyin da maƙalar ke son amsawa. Waɗanne matakai ne ƙuduri ke bi? A ina yake maƙalewa? Idan wakilan jama'a sun amince da abu, shugaban ƙasa ya ce a'a, wa ke da magana ta ƙarshe? A rubuce, amsar ita ce majalisa. Maƙalar za ta nuna cewa a aikace, tun bayan 2003, kusan kullum shugaban ƙasa ne, kuma dalilin hakan ba tsoron 'yan majalisa kaɗai ba ne kamar yadda aka saba cewa. Akwai dalilai na doka da na lissafi da ya kamata a fito da su fili.

2.0 Asalin Tsarin

A jamhuriya ta farko, Nijeriya ta bi salon Ingila. Firayim minista da ministocinsa 'yan majalisa ne, gwamnati ita ce mai rinjaye a zaure, sa hannun shugaban ƙasa kuma na cika ƙa'ida ne. A Ingila kanta, rabon da mai sarauta ya hana wani ƙuduri amincewarsa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. A irin wannan tsari maganar tsallake naƙi ba ta ma tasowa, domin wanda ya kawo dokar shi ne mai aiwatar da ita.

Sauyin ya zo ne da kwamitin tsara kundi da Janar Murtala Ramat Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, da majalisar nazarin kundi da ta biyo baya ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma. Kundin 1979 ya ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda aka raba masu yin doka da masu zartar da ita, aka bai wa kowane ɓangare abin da zai taka wa ɗaya burki da shi. Kundin 1999 ya gaji wannan tsari kusan yadda yake.

Sai dai akwai wani gado na daban. Shekaru masu yawa ƙasar ta yi a hannun soja, lokacin da doka ke fitowa daga majalisar ƙoli ta soja da sa hannun mutum ɗaya. Ɓangaren zartarwa bai taɓa daina aiki ba tun samun 'yancin kai, majalisa ce ake rufewa duk lokacin da aka yi juyin mulki. Saboda haka a 1999 majalisa ta dawo a matsayin ƙanwa, ba ta da ƙwarewa da ma'aikata da al'adun aiki irin na fadar shugaban ƙasa.

3.0 Matakan da Ƙuduri ke Bi

Majalisar Dokoki ta Ƙasa zaure biyu ce: Majalisar Dattawa mai sanata 109, wato uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, da Majalisar Wakilai mai mamba 360. Sashe na 58 ya ce ƙuduri na iya farawa daga kowane zaure. Yakan fito daga ɓangaren zartarwa, kamar kasafin kuɗi, ko daga ɗan majalisa. Ƙungiya ko wani ɗan ƙasa na iya tsara ƙuduri, amma sai ya sami ɗan majalisar da zai ɗauki nauyin gabatar da shi.

Karatu na farko sanarwa ce kawai: a karanta sunan ƙudurin, ba muhawara. A karatu na biyu ne mai ƙudurin ke bayyana manufarsa, a tafka muhawara a kan ko ya dace a yi irin wannan doka. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa.

A hannun kwamiti ne ake ainihin aikin. Nan ake kiran zaman jin ra'ayin jama'a, ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kasuwa da malamai su kawo nasu bayani, a bi ƙudurin sashe-sashe a gyara. Nan kuma ƙudurori da dama ke mutuwa ba tare da kowa ya kashe su a bainar jama'a ba, domin shugaban kwamiti na iya ajiye rahoto har wa'adin majalisa ya ƙare. Idan rahoto ya fito, zauren gaba ɗaya kan rikiɗe ya zama kwamiti, ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi karatu na uku a kaɗa ƙuri'a. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun isa a yi zama, sashe na 56 kuma ya ce rinjayen waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a ya wadatar. Ke nan sanata 37 na iya zama, 19 daga cikinsu su amince da ƙuduri. A riƙe wannan adadi, domin za a ga nisan da ke tsakaninsa da abin da ake buƙata wajen tsallake shugaban ƙasa.

Daga nan sai ƙudurin ya haye zuwa ɗaya zauren ya sake bin matakan. Idan abin da zaurukan biyu suka amince da shi ya bambanta, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita, kowane zaure ya amince da matsaya guda. Mataki na ƙarshe a majalisa shi ne na Akawun Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wanda doka ta ɗora wa nauyin fitar da tsabtataccen kwafi, ya tabbatar da cewa shi ne abin da aka amince da shi, ya aika fadar shugaban ƙasa. Ana raina wannan mataki, alhali yana da hatsari. A ƙarshen 2001 an yi babbar hayaniya a kan zargin cewa an cusa wa dokar zaɓe wani sashe da ya shafi rajistar sababbin jam'iyyu bayan majalisa ta gama aikinta.

A jihohi, sashe na 100 ya tanadi irin wannan tsari, sai dai zaure ɗaya ne, gwamna kuma shi ke sa hannu. Shi ya sa abu kan yi sauri ƙwarai idan gwamna da majalisa bakinsu ɗaya. Mutanen Kano sun ga haka sau biyu: dokar ƙirƙiro sababbin masarautu a watan Mayun 2019 zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, da dokar da ta soke su a watan Mayun 2024 zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, kowacce cikin 'yan kwanaki aka gama da ita.

4.0 Kwana Talatin a Fadar Shugaban Ƙasa

Sashe na 58(4) ya bai wa shugaban ƙasa kwana 30 ya bayyana ko ya amince ko ya ƙi. A al'ada, fadar kan tura ƙudurin ga ministan shari'a da ma'aikatun da abin ya shafa su ba da shawara. Idan an ƙi, sai a rubuto wasiƙa ga shugabannin zaurukan biyu, a karanta ta a zaman majalisa. Dalilan da aka fi kawowa su ne cin karo da kundin tsarin mulki ko wata doka, rashin kuɗin aiwatarwa, maimaita aikin wata hukuma, da kurakuran rubutu. Da irin waɗannan dalilai, na kuɗi da na maimaita aikin hukumomin tsaro, Shugaba Buhari ya ƙi ƙudurin kafa rundunar Peace Corps a farkon 2018.

Shugaban ƙasa ba shi da ikon ɗaukar wani sashe ya bar wani. Ko ya karɓi ƙudurin duka, ko ya ƙi shi duka. Haka abin yake a Amurka, inda Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta bai wa shugaba irin wannan iko a 1998, zamanin Bill Clinton.

To, idan kwana 30 suka cika shugaban ƙasa bai ce uffan ba fa? A nan ne Nijeriya ta rabu da inda ta yi aro. Kundin Amurka ya bai wa shugaba kwana goma, ban da ranakun Lahadi. Idan bai mayar da ƙudurin tare da dalilansa ba, kuma majalisa na zama, ƙudurin ya zama doka kamar ya sa hannu. Sai idan majalisa ta tashi ta yadda ba za a iya mayar mata da shi ba ne shirun ke kashe ƙudurin. Ke nan a can, shugaban da ba ya son doka tilas ne ya fito fili ya faɗa, ya ɗauki nauyin ƙin da ya yi a gaban masu zaɓe.

A Nijeriya shiru ba ya mayar da ƙuduri doka. Sashe na 58(5) ya yi maganar abin da za a yi idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, bai ambaci wanda ya yi gum ba. Abin lura shi ne, masu rubuta kundin sun san da wannan hali, domin a sashe na 59(4), wanda ya shafi ƙudurorin kuɗi, sun ambaci duka biyun: wanda ya ƙi, da wanda ya bari kwana 30 suka wuce bai amsa ba. A sauran ƙudurori an bar giɓi. Galibin masana na ɗaukar shirun a matsayin ƙi, amma ko an ɗauke shi haka, riba tana wajen shugaban ƙasa. Bai ba da dalilin da za a yi masa raddi a kai ba, bai nuna abin da za a gyara ba, kuma babu wata rana da za a ce a cikinta ya yi ƙin da zai tayar da hankalin jama'a. Ga kuma agogo na tafiya: wa'adin majalisa shekara huɗu ne, ƙudurin da bai kammala ba kuma sai sabuwar majalisa ta sake ɗauko shi. Ƙudurorin da ake turawa fada a watannin ƙarshe na wa'adi su suka fi faɗawa wannan rami.

5.0 Tsallake Naƙi: Doka da Lissafi

Sashe na 58(5) gajere ne. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, kowane zaure ya sake amincewa da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka, ba a buƙatar hannunsa. Tambayoyi biyu ne sashen bai amsa ba. Kashi biyu cikin uku na wa, na dukkan mambobi ko na waɗanda suka halarta? Kuma sake amincewa na nufin ƙuri'a guda, ko sake bin matakai daga farko?

Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ta amsa su a 2003, a shari'ar da ta taso daga dokar zaɓe ta 2002. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙi sa wa ƙudurin hannu, majalisa ta tsallake shi ta hanyar gabatar da buƙata a kowane zaure aka kaɗa ƙuri'a a kai. Hukumar zaɓe ta INEC ta garzaya kotu a kan sashen da ya tilasta a yi dukkan zaɓuɓɓuka a rana ɗaya. Da magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai ta ce hanyar da majalisa ta bi ba daidai ba ce. Ƙudurin kansa ne za a sake amincewa da shi ta bin matakansa, ba wata buƙata ta tsallakewa ba. Kuma kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi ake nufi, wato sanata 73 da ɗan majalisar wakilai 240. Duk da haka, da wannan doka aka gudanar da zaɓen 2003.

A Amurka an yanke akasin haka tun 1919, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta ya isa, muddin adadin da ake buƙata don zama ya cika. Bambancin ba ƙarami ba ne. A can, wanda ya ƙi zuwa zaure ya rage adadin da ake nema. A nan, wanda ya ƙi zuwa daidai yake da wanda ya kaɗa ƙuri'ar goyon bayan shugaban ƙasa, kuma ba wanda zai ce ya yi hakan.

Idan aka juya lissafin sai a ga inda ƙarfi yake. Domin naƙinsa ya tsaya, shugaban ƙasa ba ya buƙatar rinjaye a ko'ina. Sanata 37 kacal yake buƙata, ko 'yan majalisar wakilai 121, a zaure ɗaya kawai, kuma ba sai sun buɗe baki ba. Ya isa su tafi mazaɓunsu, ko aikin kwamiti, ko duba lafiya a ranar ƙuri'a. Mutum 37 cikin 469 na iya tsayar da abin da sauran 432 suka amince da shi.

Ƙudurorin kuɗi suna da tasu hanya. Sashe na 59 ya ce a haɗa zaurukan biyu a zama guda, a nemi kashi biyu cikin uku. Idan aka bi ma'aunin dukkan mambobi, 313 ke nan cikin 469. A irin wannan zama nauyin Majalisar Dattawa yana raguwa ƙwarai, domin 'yan majalisar wakilai su kaɗai sun haura wannan adadi.

6.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

6.1 Majalisa ta Huɗu, 1999 zuwa 2003

Misali mafi shahara shi ne dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Obasanjo ne ya kawo ƙudurin, majalisa ta yi masa gyare-gyare, musamman kan kason kuɗin da gwamnatin tarayya da kamfanonin mai za su riƙa zubawa, shi kuma ya ƙi sa hannu. A watan Yunin 2000, zaurukan biyu ƙarƙashin Sanata Chuba Okadigbo da Alhaji Ghali Umar Na'Abba suka tsallake shi. Dukansu 'yan PDP ne, jam'iyyar shugaban ƙasa. Abin da ya sa aka yi nasara shi ne haɗuwar abu biyu: buƙatar yanki da ta haɗa 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban, da shugabannin zaure da ke ganin kare martabar majalisa aikinsu ne.

Wannan majalisa ta sake yin haka a kan dokar zaɓe ta 2002, sannan a 2003 a kan dokar da ta nemi maye gurbin dokar hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci. Wannan ta ƙarshe Babbar Kotun Tarayya ta soke ta, dokar 2000 ta ci gaba da aiki. Darasin da ke nan shi ne tsallake shugaban ƙasa ba ya tsallake kotu, kuma ba kowane tsallakewa ne ke zama alheri ga jama'a ba. Mutane da yawa a lokacin sun kalli gyaran dokar ICPC a matsayin yunƙurin 'yan majalisa na kare kansu.

6.2 Gyaran Kundi na 2015

Sashe na 9 ya ce gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi 24, wasu sassa kuma kashi huɗu cikin biyar. Bai ambaci sa hannun shugaban ƙasa ba, amma a 2010 Babbar Kotun Tarayya a Legas, a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, ta ce ana buƙatarsa. A watan Afrilun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a kan gyara na huɗu, wanda daga cikin tanade-tanadensa akwai cire hannun shugaban ƙasa daga gyaran kundi da raba ofishin babban lauyan tarayya da na ministan shari'a. Ya ce ba a nuna an cika sharaɗin kashi huɗu cikin biyar ba. Da majalisa ta fara shirin tsallake shi, gwamnati ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce kowa ya dakata. A ƙarshe wa'adin majalisa ta bakwai ya ƙare gyaran bai zama doka ba, aikin shekaru ya bi ruwa.

6.3 Dokar Zaɓe, 2018 da 2021

Majalisa ta takwas, ƙarƙashin Sanata Bukola Saraki da Yakubu Dogara, ba wanda zai kira ta 'yar amshin shata. Duk da haka, Shugaba Buhari ya mayar mata da ƙudurin gyaran dokar zaɓe sau da dama a 2018, da farko saboda sauya jerin zaɓuɓɓuka, daga ƙarshe a watan Disamba saboda a cewarsa zaɓen 2019 ya matso. An yi ta barazanar tsallakewa, ba a yi ba. Dalili a fili yake: APC da PDP sun raba Majalisar Dattawa kusan biyu, ba mai iya tara 73.

A watan Disambar 2021 abin ya sake faruwa, wannan karo da majalisa ta tara ƙarƙashin Sanata Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila. Ƙudurin ya tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, abin da 'yan majalisa ke so domin ya rage ƙarfin gwamnoni a kan daliget. Buhari ya ƙi, ya kawo dalilan kuɗi da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Majalisa ta ja da baya, ta ƙara zaɓen daliget da na maslaha, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. A wajen sa hannun ya nemi a cire sashe na 84(12) na dokar, wanda ya hana masu riƙe da muƙaman siyasa shiga zaɓen fid da gwani ba tare da sun ajiye aiki ba. Majalisar Dattawa ta ƙi, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a watan Yunin 2022. A shekara takwas na mulkinsa ba a tsallake shi ko sau ɗaya ba, amma wannan misali ya nuna cewa da zarar ya sa hannu, ƙarfin ya koma wajen majalisa.

7.0 Tattaunawa

Adalci ne a faɗi cewa tsallake naƙi abu ne mai wuya a ko'ina, kuma da gangan aka yi shi haka. A Amurka, daga naƙin farko na George Washington a 1792, sai a 1845 aka fara tsallake wani shugaba, John Tyler. Cikin naƙi sama da 2,500 a tarihin ƙasar, waɗanda aka tsallake ba su kai 120 ba. Amma idan buƙata ta kai, akan yi, ko da shugaban ɗan jam'iyyar masu rinjaye ne. A 1986 Ronald Reagan ya ƙi dokar ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi, Majalisar Dattawa da jam'iyyarsa ke riƙe da ita ta tsallake shi da ƙuri'a 78 da 21. A 2016 an tsallake Barack Obama da 97 da 1 a kan dokar da ta bai wa iyalan waɗanda harin 11 ga Satumba ya shafa damar kai ƙarar wata ƙasa.

Me ya sa sanatan Amurka ke iya bijire wa shugabansu? Babban dalili shi ne kundinsu ya wajabta a rubuta sunan kowane mamba da ɓangaren da ya zaɓa a ƙuri'ar tsallakewa, mutanen mazaɓarsa kuma su ne ke tsayar da shi takara. A Nijeriya galibin ƙuri'u da murya ake yin su, shugaban zaure ya saurari masu cewa e da masu cewa a'a ya buga guduma. Mai zaɓe a Gumel ko Argungu ba shi da hanyar sanin inda wakilinsa ya tsaya. Wanda ya sani shi ne gwamna da shugabannin jam'iyya, su ne kuma ke riƙe da tikitin takara. Sashe na 65 ya wajabta wa duk mai neman kujerar majalisa ya fito ta hannun jam'iyya, don haka ɗan majalisa ya san wanda zai ɓata wa rai ya rasa kujerarsa. Rikicin 'yar tinƙe na 2021 a kan wannan igiya aka yi shi, kuma masu riƙe da ita ne suka yi nasara.

Ba a nufin naƙi abu ne mara amfani. Sau da yawa wasiƙun fadar shugaban ƙasa kan tono kurakurai na gaske, kamar ƙudurin da ya kafa hukuma ba tare da nuna inda kuɗinta zai fito ba. Matsalar tana wajen naƙin da ba a bayyana ba da ƙuri'ar da ba a rubuta ba, domin su biyun suna ɓoye wa jama'a wanda ya yanke hukunci.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, a gyara sashe na 58 da na 100 ta yadda ƙudurin da shugaban ƙasa ko gwamna bai amsa ba cikin kwana 30 zai zama doka. Wannan bai rage ikon ƙi ba, ya dai wajabta a yi shi a fili.

Na biyu, a wajabta rubuta dalilan ƙi, a kuma wallafa su. Sashe na 55 ya amince a gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi, don haka fassara waɗannan wasiƙu ba baƙon abu ba ne ga kundin.

Na uku, kundin da kansa ya fayyace cewa tsallakewa ƙuri'a guda ce a kan ƙudurin yadda yake, cikin ƙayyadadden lokaci. Ana iya barin sharaɗin 73 da 240, amma sake karatu uku a kan abin da aka riga aka tace ɓata lokaci ne.

Na huɗu, ƙuri'ar tsallakewa ta kasance ta kiran suna, a wallafa wanda ya ce e, da wanda ya ce a'a, da wanda bai zo ba. Wannan ba ya buƙatar gyaran kundi, dokokin zaman kowane zaure sun isa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙuduri na iya wucewa da ƙuri'ar sanata 19, amma tsallake shugaban ƙasa na buƙatar 73, kuma rashin halartar 37 ya isa ya hana. Ta nuna cewa majalisa ta huɗu ta yi amfani da wannan iko, hukuncin 2003 ya tsaurara shi, gwamnatocin Jonathan da Buhari kuma sun wuce ba tare da an yi nasarar amfani da shi ba. Uku daga cikin shawarwarin na buƙatar gyaran kundi, gyaran kundi kuma, bisa hukuncin 2010, na buƙatar hannun shugaban da za a rage wa dama. Saboda haka shawara ta huɗu ce ya kamata a fara da ita, domin tana hannun 'yan majalisa kaɗai. Fagen da ya rage ga masu bincike shi ne majalisun jihohi, inda ya kamata a bi kundayen zamansu a ƙididdige ƙudurorin da gwamnoni suka ƙi da waɗanda suka yi shiru a kansu tun daga 1999.